Tsakanin Maldini da Cannavaro: shin rashin kofi da Italiya ya rage wa Maldini daraja?

Dan_Fagge82
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daren jiya gardama ta kaure tsakanina da wani ƙanena bayan mun tashi daga gidan kallo, har muka isa ƙofar gida babu wanda ya sauka daga kan bakansa, shi ya sa na ga gara in kawo maganar gaban waɗanda suka fi mu sani. Shi a wajensa Fabio Cannavaro ya fi Paolo Maldini, domin Cannavaro ya ɗaga kofin duniya a 2006 yana kyaftin, kuma ya karɓi Ballon d'Or a shekarar, alhali Maldini ya buga wa Italiya wasa 126 ya tashi ko kofin shayi bai ɗauka da ita ba. Ni kuma na ce masa mutumin da ya yi kaka 25 a AC Milan, ya buga mata wasa 902, ya ci kofin zakarun Turai sau biyar, ba a auna shi da abin da wani ya yi cikin wata guda a Jamus. Tambayata ita ce, shin rashin kofi da ƙasarsa da rashin Ballon d'Or sun isa su sauke Maldini daga matsayin ɗan bayan da ya fi kowa a tarihin Italiya?

Malam_Sanusi_Zazzau
Wa alaikumus salam. Kafin a yanke hukunci, ya kamata a shimfiɗa tarihin mutumin, saboda da yawa daga cikin masu wannan gardama ƙarshen zamaninsa kawai suka tarar. An haifi Maldini a birnin Milan ranar 26 ga Yuni 1968, kuma ya fara buga wa babbar ƙungiyar wasa ranar 20 ga Janairu 1985 a karawa da Udinese, yana ɗan shekara 16, lokacin da koci Nils Liedholm ya saka shi bayan hutun rabin lokaci a madadin Sergio Battistini da ya ji rauni. Abin da mutane ke mantawa shi ne lamba biyu ya buga a ranar, domin asalinsa ƙafar dama gare shi. Kasancewar Mauro Tassotti ya riƙe ɓangaren dama ne ya sa aka mayar da shi hagu, ya zauna ya koyi wasa da ƙafar da ba tasa ba har duniya ta ɗauka bahago ne. Daga nan ya ci gasar Serie A sau bakwai, a 1988 da 1992 da 1993 da 1994 da 1996 da 1999 da 2004, ya kuma je wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai sau takwas. Tsakanin kofinsa na farko na Turai a 1989 da na ƙarshe a 2007 akwai shekara 18, kuma a duka biyun da shi aka fara wasan, ba daga benci ya karɓi lambar yabo ba.

Interista_Kaduna
Malam, lissafinka daidai ne, amma lissafin ƙungiya ka kawo mana. Yaron da ya buɗe ido ya tarar da Franco Baresi a gefensa, Costacurta a tsakiya, Rijkaard da Gullit da Van Basten a gabansa, ga kuɗin mai ƙungiyar Berlusconi, ko wane ne shi zai tara kofuna. Baresi ne ƙwaƙwalwar wannan bayan, shi ke ɗaga hannu kowa ya taka gaba. Sannan in ana maganar lamba uku a Italiya, a fara da Giacinto Facchetti na Inter, wanda ya koya wa duniya cewa ɗan baya na iya hawa ya ci ƙwallo tun a zamanin koci Helenio Herrera. Ya ci kofin zakarun Turai a 1964 da 1965, ya zura ƙwallo 59 a Serie A alhali Maldini 29 ya ci, kuma ya ɗaga kofin nahiyar Turai da Italiya a 1968 yana kyaftin. Mu ma mun jingine riga mai lamba uku saboda shi, ba Milan kaɗai ta iya wannan ba.

Rossonero_Gombe
Ɗan'uwa Interista, zancen cewa Baresi ne ke ɗauke da shi akwai ranar da aka gwada shi, kuma amsar tana nan a rubuce. Ranar 18 ga Mayu 1994 a birnin Athens, Milan ta fuskanci Barcelona ta Johan Cruyff, mai Romario da Stoichkov a gaba, a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai. Baresi da Costacurta duka an dakatar da su saboda kati, Van Basten kuma yana jinya. Kocin Milan Fabio Capello ya ɗauko Maldini daga hagu ya ajiye shi a tsakiya tare da Filippo Galli, ya sa Panucci a gurbinsa. Kusan kowa ya riga ya ba Barcelona kofin tun kafin a take leda, amma aka tashi 4 da nema, Massaro ya ci biyu, Savicevic da Desailly suka ƙara ɗai-ɗai, Romario kuwa ya yini yana neman hanya bai samu ba. Bayan 'yan makonni aka tafi gasar kofin duniya a Amurka, Baresi ya ji rauni a gwiwa a wasa na biyu da Norway, Maldini ya karɓi kyaftin ya jagoranci bayan har zuwa wasan ƙarshe. A wannan wasan da Brazil ma Costacurta ba ya nan, aka yi minti 120 Romario da Bebeto ba su ga raga ba.

Baba_Tsohon_Gola
Tunda an ambaci Amurka 94, bari in faɗi abin da na gani da idona, domin wannan rana ba ta fita daga raina ba. Ranar 5 ga Yuli ce, wasan Najeriya da Italiya a filin Foxboro, muna cunkushe a zauren wani maƙwabcinmu mai talabijin, yara a ƙasa manya a kan benci, an buɗe taga saboda waɗanda ke waje su leƙa. Finidi ya bugo kwana, ƙwallon ta bugi jikin Maldini ta faɗo gaban Amunike, shi kuma ya tura ta raga. Don haka ƙwallon da Najeriya ta ci Italiya da hannun wannan gwanin naku a ciki. Muka yi sallar magariba a gaggauce lokacin hutu, muka dawo, aka ba Zola jan kati jim kaɗan da shigowarsa, muka ce shi ke nan aiki ya ƙare. Abin da har yau nake jin ciwonsa shi ne lokacin da Yekini ya kufce zai nufi gola, Maldini ya riƙo shi ya kayar, alƙalin wasa ɗan Meziko ya ɗaga masa katin gargaɗi kawai. Da jan kati ya bayar, Italiya ta koma mutum tara, da wuya Baggio ya samu sararin farkewa saura minti biyu a tashi, balle a kai ga fenaritin da Eguavoen ya jawo a ƙarin lokaci. Ina girmama Maldini, amma duk wanda ya ce mini bai taɓa yin ƙeta ba, sai in ce bai kalli wasan Foxboro ba.

Dan_Fagge82
Allah ya ƙara girma Baba, ban san ƙwallon Amunike daga jikinsa ta faɗo ba. A lokacin ina firamare, ihun unguwa kawai nake iya tunawa.

Abu_Zongo_Kumasi
Ina gaida kowa daga Kumasi. Ni ina bayan ƙanenka, Dan_Fagge, kuma dalilina shi ne mu ne muka fara ɗanɗana Cannavaro a 2006. Wasan farko da Ghana ta taɓa bugawa a gasar kofin duniya da Italiya ne a Hanover, muna da Essien da Appiah da Muntari da Asamoah Gyan, muka kai hari iya ƙarfinmu amma aka doke mu 2 da nema, Pirlo ya ci, Iaquinta ya ƙara bayan kuskuren Kuffour. Mutumin nan gajere ne a ma'aunin 'yan tsakiya, tsawonsa mita 1.76, amma babu ƙwallon sama da ta gagare shi. Nesta ya ji rauni a wasa na uku da Czech, aka riƙa canja masa abokin aiki tsakanin Materazzi da Barzagli, bai girgiza ba. A wasa bakwai ƙwallo biyu kacal ta shiga ragar Italiya, ɗaya Zaccardo ne ya ci gida a wasan Amurka, ɗaya kuma fenaritin Zidane. Ku koma ku kalli ƙarshen wasansu da Jamus a Dortmund, yadda ya tare ƙwallo da ka, ya bi ta da gudu ya ƙwace daga Podolski, daga nan aka kai harin da Del Piero ya ci ta biyu. Ana cewa wata guda ne kawai, to ai wannan watan shi ne wanda kowane ɗan ƙwallo ke mafarki, kuma Maldini ya samu damarsa sau huɗu bai cika ba.

Hajiya_Mai_Lissafi
Malam Abu, kalmar "bai cika ba" ce nake so mu duba da kyau. A gasar kofin duniya huɗu da Maldini ya je, ba a taɓa fitar da Italiya cikin minti 90 ba. A 1990 Ajantina ta cire su da bugun fenariti a Napoli, bayan sun buga wasa biyar ba a zura musu ƙwallo ko ɗaya ba. A 1994 fenariti ne da Brazil, inda Baresi da Massaro da Baggio suka zubar. A 1998 fenariti ne kuma da Faransa, Di Biagio ya buga ta ƙarshe ta daki ƙarfen sama, a lokacin mahaifinsa Cesare ne kocin ƙasar. A 2002 ƙwallon zinare ce ta Koriya ta Kudu. In ka haɗa da wasan ƙarshe na kofin nahiyar Turai a 2000, inda Italiya ke gaba har cikin mintunan da aka ƙara kafin Wiltord ya farke, Trezeguet ya kashe wasan, za ka ga ba aikin baya ne ya gaza ba. Shi kuwa Cannavaro da bugun fenariti ya ci nasa kofin, kuma Trezeguet ɗin nan ne ya daki ƙarfe. Ashe ke nan tsakanin mutanen biyu faɗin ƙarfen raga ne, sau ɗaya ya cuci wannan, sau ɗaya ya taimaki wancan.

Interista_Kaduna
Hajiya, kin iya jera hujja, amma kin tsallake abu ɗaya. Ƙwallon da Ahn Jung-hwan ya ci a 2002, a kan wa ya yi tsalle? A kan Maldini ne, kyaftin, yana tsaye yaron ya riga shi kai wa ƙwallon. Na yarda alƙalin wasa Byron Moreno ya yi abin kunya a ranar, ya kori Totti ba bisa ƙa'ida ba, amma ba shi ya hana Maldini tashi sama ba.

Hajiya_Mai_Lissafi
Ban musa ba, kuskurensa ne, kuma da wannan wasan ya yi sallama da tawagar ƙasar yana ɗan shekara 33. Sai dai ka tuna Nesta yana jinya a ranar, Cannavaro kuma an dakatar da shi saboda kati biyu, wato wanda ake yabo bai ma shiga filin ba.

Issoufou_Damagaram
Gaisuwa daga Damagaram. Ni ɓangaren Ballon d'Or nake so in taɓa, domin ana ɗaukar ta kamar ma'aunin gwal alhali ƙuri'ar 'yan jarida ce da mujallar France Football ke shiryawa, kuma 'yan jarida mai cin ƙwallo suke gani. Tun da aka fara bayar da ita a 1956, 'yan bayan da suka karɓa ba su wuce Beckenbauer a 1972 da 1976, da Matthias Sammer a 1996, da Cannavaro a 2006 ba. Biyun farko ma 'yan baya ne masu hawa da ƙwallo su shirya wasa, kusan 'yan tsakiya ne. Maldini ya zo na uku a 1994, bayan Stoichkov da Baggio, ya sake zuwa na uku a 2003, bayan Nedved da Henry. Ku lura da tazarar, shekara tara, kuma a ta farko yana ganiyar gudu ne, a ta biyu yana ɗan shekara 35 a tsakiya tare da Nesta. A 1995 kuma ya zo na biyu a gwarzon FIFA, bayan abokin wasansa George Weah. Abin da ke ba ni mamaki shi ne ta 1994, domin wanda aka ba kyautar shi ne wanda Maldini ya hana motsi a Athens, kuma Italiya ce ta cire Bulgeriya a wasan kusa da na ƙarshe.

Bianconero_Katsina
Duk wannan gardamar ana yinta kamar Italiya mutum biyu ta haifa. Ina kuka ajiye Gaetano Scirea? Ya ci kofin duniya a 1982, ya ci Serie A sau bakwai kamar Maldini, ya ci dukkan manyan kofunan Turai da Juventus, kuma ya gama wasansa ba a taɓa ba shi jan kati ba, a zamanin da ake buga baya da gwiwar hannu da tsinin takalmi. Ya rasu a haɗarin mota a Poland a 1989 yana ɗan shekara 36, shi ya sa yaran yanzu ba su san shi ba. In kofin duniya ne ma'auni, yana da shi, in ɗabi'a ce, babu kamarsa.

Malam_Sanusi_Zazzau
Ka kawo suna mai nauyi, kuma shi ya tuna mini da wata hujja da nake so ƙanen Dan_Fagge ya amsa. Saboda Scirea yana nan, Baresi ya je Sifaniya a 1982 bai buga ko minti ɗaya ba, amma yana cikin tawagar da ta ci kofin, don haka a takarda zakaran duniya ne. A 1994 kuwa aka yi masa aiki a gwiwa a tsakiyar gasa, ya dawo cikin ƙasa da wata guda ya buga wasan da ake ganin shi ne mafi kyau a rayuwarsa, ya tashi da hawaye babu kofi. To wanne Baresi ne ya fi, na benci mai lambar zinare ko na fili mai kuka? Haka nan Zaccardo da Malam Abu ya ambata yana da lambar 2006 a gidansa. Idan muka bi wannan ma'auni har ƙarshensa, sai mu wayi gari mun ɗora Zaccardo a kan Maldini, kuma na tabbata babu mai hankalin da zai sa hannu a wannan.

Sadiq_Zoo_Road
Ina neman afuwar manya, ni ban tarar da wasansa ba sai guntayen bidiyo a YouTube. Ana yawan cewa Maldini ba ya kwanciya ƙasa ya ƙwaci ƙwallo, tsayuwa kawai yake yi a inda ya dace. Shin gaskiya ne, kuma me ya bambanta shi da irin su Sergio Ramos da Van Dijk da muka gani?

Koci_Lawal_Sakkwato
Sadiq, tambayarka ce ta fi jan hankalina, domin ina horar da yara 'yan ƙasa da shekara 15 kuma kullum da misalinsa nake aiki. Maganar cewa ba ya kwanciya rabin gaskiya ce. Maldini na shekarun 1990 yana cikin waɗanda suka fi iya zamiya su ƙwace ƙwallo, kuma ba waje yake watsa ta ba, naɗo ta yake da ƙafa ya miƙe da ita ya fara hari. Sai da gudu ya ragu gwiwa ta fara damunsa, aka mayar da shi tsakiya, sannan ya koma dogaro da karatun wasa kusan kacokan. Abin da nake nuna wa yarana shi ne yadda yake tsayawa a karkace, ba ya fuskantar ɗan gaba ƙirji da ƙirji, yana ja da baya a hankali yana tura shi bakin layi har sai ya rasa wurin bi. Idan kuma ɗan gaban ya yanko ciki, to ya faɗo kan ƙafar damansa, wadda ita ce mai ƙarfin. Wannan ita ce ribar ɗan dama da ya ƙware a hagu.

Sannan dole a ambaci Arrigo Sacchi, wanda ya zo Milan a 1987 ya watsar da tsohon salon Italiya na kowa ya riƙe mutuminsa da mai shara a baya. Ya sa mutum huɗu a layi ɗaya, suna tsaron wuri maimakon mutum, suna matsowa gaba tare su bar abokan hamayya cikin satar gida. Yakan sa su atisaye babu ƙwallo, ya nuna inda take a baki kawai, su kuma su motsa gaba ɗaya kamar an ɗaure su da igiya. Capello ya gaji wannan ya ƙara tsaurara shi, har Milan ta yi wasa 58 a jere ba a doke ta a Serie A ba tsakanin 1991 da 1993, kuma a kakar 1993 zuwa 1994 ta ci gasar da ƙwallo 36 kacal a wasa 34, saboda 15 kawai aka zura mata. Ka kuma tuna an canja dokoki a tsakiyar zamaninsa, a 1992 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan wasansa ya mayar masa da ƙafa, abin da ya tona asirin 'yan baya da yawa marasa iya riƙe ƙwallo. Shi bai ji komai ba. Ramos ya fi shi cin ƙwallo nesa ba kusa ba, amma a tsaron gida zalla ban ga abin haɗi ba.

Auwal_Kop_Bauchi
A matsayina na ɗan Liverpool, ni ma ina da abin faɗa. Daren Istanbul a 2005, wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai tsakaninmu da Milan, mai gidan kallo bai gama karɓar kuɗin shiga ba, wasu suna neman wurin zama a kan benci, Pirlo ya bugo ƙwallon tazara, Maldini ya ɗauke ta a sama da ƙafar dama ta shige, ko minti ɗaya ba a cika ba. Crespo ya ƙara biyu, na ɗauki takalmina lokacin hutu zan tafi, wani abokina ya riƙe mini riga ya ce ai na riga na biya. Sauran labarin kowa ya sani, Gerrard da Smicer da Alonso suka farke cikin minti shida, muka ɗauki kofin da fenariti. To wannan bayan mai Cafu da Stam da Nesta da Maldini ne aka zura wa uku a minti shida, don haka su ma mutane ne. Amma gaskiya ɗaya ce, bayan shekara biyu ya dawo Athens yana gab da cika shekara 39, da gwiwar da ba ta da lafiya, ya buga minti 90, Inzaghi ya ci mu biyu, ya ɗaga kofin a gabanmu. Ranar ban iya cewa komai ba.

Dan_Fagge82
Akwai abin da ƙanena ya ƙara jefo mini da safen nan. Ya ce in har Maldini ya kai yadda nake faɗa, me ya sa magoya bayan Milan da kansu suka yi masa ihu a ranar bankwana?

Rossonero_Gombe
Abin ya faru, amma a faɗe shi yadda yake. Ranar 24 ga Mayu 2009 ne, wasansa na ƙarshe a San Siro, Roma ta ci 3 da 2. Filin ya cika maƙil ana tafa masa, sai wani ɓangare na masu tsattsauran goyon baya da ke zama a Curva Sud suka ɗaga kyallaye masu sukarsa, suka baje rigar Baresi mai lamba shida suna nuna shi ne kaɗai kyaftin ɗinsu. Tushen rigimar shi ne Maldini bai taɓa yarda ya rusuna wa shugabanninsu ba. Bayan an dawo daga Istanbul wasunsu sun tare 'yan wasa a filin jirgin sama suna neman a ba su haƙuri, shi kuma ya tsaya ya mayar musu da martani, suka riƙe abin a zuci shekara huɗu. Bayan mako guda ya buga wasansa na ƙarshe a gidan Fiorentina, Milan ta ci 2 da nema, magoya bayan abokan hamayya suka miƙe tsaye suka karrama shi. Ƙungiyar ta jingine lamba uku, da sharaɗin ba mai saka ta sai in ɗansa ne.

Issoufou_Damagaram
Maganar ɗansa ta tuna mini da abin da ya fi burge ni a tarihin gidan. Cesare Maldini ya ɗaga kofin Turai na farko da Milan ta ci, a Wembley a 1963 bayan doke Benfica ta Eusebio. Bayan shekara 40 cif, Paolo ya ɗaga shi a Old Trafford bayan doke Juventus da fenariti, duka a Ingila, duka suna kyaftin. Jikan kuma, Daniel, yana cikin tawagar da ta ci Serie A a 2022, kuma a Oktoban 2024 ya fara buga wa Italiya, sai dai shi ɗan gaba ne, bai gaji tsaron gida ba.

Interista_Kaduna
Kofin 2022 ɗin nan da maki biyu kuka ƙwace mana, kuma a nan zan yi adalci, aikin Paolo Maldini na darakta a Milan ya taka rawa. Shi ya shawo kan Theo Hernandez ya baro Real Madrid, a zamaninsa aka kawo Leao da Tonali da Tomori da Maignan da Giroud ba tare da an zubar da kuɗi irin na Ingila ba. Amma shi ne kuma ya kashe maƙudan kuɗi a kan De Ketelaere, yaron ya gama kaka guda bai ci ƙwallo ko ɗaya ba, kuma a Yunin 2023 sababbin masu ƙungiyar 'yan Amurka suka sallame shi, makonni kaɗan bayan mun cire su a wasan kusa da na ƙarshe na kofin zakarun Turai. Wannan dai duk ba ya cikin tambayar da aka yi. A kan tambayar, ni har yanzu Baresi nake sa wa a gaba, Facchetti na biye.

Abu_Zongo_Kumasi
Malam Sanusi, misalin Zaccardo ya yi kaifi amma bai same ni ba, domin ban ce duk mai lamba ya fi marar lamba ba. Cewa na yi idan gwanaye biyu suka yi kusa da juna, wanda ya kai ƙasarsa ga kofi yana jagora ya samu abin da ɗayan ya rasa. Na yarda idan tsawon zamani za a duba Cannavaro ba ya kusa, bai taɓa cin kofin zakarun Turai ba, shekarunsa biyu a Inter ba su yi armashi ba, kofunan Serie A biyu da ya ci da Juventus kuma an ƙwace su saboda badaƙalar 2006. Amma in aka ce in zaɓi mutum ɗaya na wasa bakwai, zaɓina bai canja ba.

Baba_Tsohon_Gola
Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma Koci Lawal ya fi kowa kusa da abin da idona ya gani. Dan_Fagge, ka gaya wa ƙanenka ya nemi cikakken wasan Athens na 1994 ya zauna ya kalla daga farko har ƙarshe, ba guntayen da ake haɗawa da kiɗa ba, sannan ku sake zama. In ya gama, ya nemi na Foxboro shi ma, ya tsayar da hoton daidai inda aka riƙo Yekini, ya ƙirga 'yan bayan Italiya nawa ne suka rage tsakaninsa da gola, ya zo nan ya faɗa mana ko katin gargaɗi ne hukuncin wannan.